Ɗan bayan fili ya koma majefi: dama ce ta biyu ko sallama ce a lulluɓe?

Baban_Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na san galibinmu ƙwallon ƙafa muke bi, amma na lura akwai 'yan'uwa mazauna Amurka da Kanada da ke taɓa zancen besbol jefi-jefi, shi ya sa na kawo tambayata nan.

A 2021 nakan je kallon Clippers a nan Columbus, ƙungiyar da ke matakin ƙarshe kafin babban lig, wato gasar besbol mafi girma a Amurka da Kanada, a ƙarƙashin Cleveland. Akwai wani bahago da ake shigo da shi can wajen ƙarshen wasa, Anthony Gose. In ya saki ƙwallo, kafin idonka ya kama ta ka ji ƙararta a safar mai cafewa, allo ya nuna gudun mil 98 ko 99 a awa. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ce mini ai wannan ba majefi ba ne tun asali. Ɗan bayan fili ne, ya yi wa Toronto da Detroit wasa yana gudu yana cafe ƙwallo, da sanda ta ƙi shi ya koma ƙananan rukunai ya fara koyon jifa.

Tambayata ita ce: in ƙungiya ta ɗauki yaro a matsayin ɗan bayan fili, bayan shekara uku ko huɗu ta ce masa ajiye sanda ka hau tudu, dama ce ta biyu tsakani da Allah, ko kuwa sallama ce aka lulluɓe don kada ya ji zafi? Ina da dalilin tambaya, zan faɗa in an ɗan tattauna.

Auwalu_Gunners:
Wa alaikumus salam. Alhaji, a taimaka wa irinmu na gida da bayani tukuna. Wane ne ɗan bayan fili, wane ne majefi? Wannan ne wasan da ake ce wa ƙwallon gora?

DanZongo614:
Auwalu, wasu na ce masa haka, amma sunan na rikicewa da hoki da kurket, gara mu bar shi a besbol. A taƙaice: mutum tara ne ke tsaron fili. Ɗaya na tsaye a kan ɗan tudu a tsakiya yana jefa ƙwallo ga mai riƙe da sanda, tazararsu mita 18 da 'yan kai. Shi ne majefi. Ɗaya na tsugune bayan mai sanda yana cafewa. Huɗu na tsaron tashoshi, wato wuraren da mai sanda ke gudu yana zagayawa bayan ya yi bugu. Uku kuma suna can nesa a kan ciyawa, su ne 'yan bayan fili, aikinsu cafe ƙwallon da aka buga sama da maido ta da sauri. Amma abin da ke riƙe ɗan bayan fili a ƙungiya shi ne abin da yake yi in nasa layin bugu ya zo. In ba ya bugu, komai kyan gudunsa zamansa ba ya nisa.

Auwalu_Gunners:
Na gane. Wato kamar yadda Wenger ya ɗauko Henry daga gefe ya mai da shi ɗan gaba, ko yadda Conte ya ja Victor Moses baya a Chelsea.

Malam_Lissafi:
Ya fi haka nisa, Malam Auwalu. Henry da Moses dai ƙafa suka ci gaba da amfani da ita, wuri kawai aka sauya musu. Wannan ya fi kama da a ce wa ɗan gaba ya cire takalmin zura ƙwallo ya sa safar gola yana da shekara 25. Tun 2022 ma majefi ba ya riƙe sanda a duka ɓangarori biyu na babban lig, wani ake sawa ya buga a madadinsa. To ka ga wanda ya hau tudu ya yi bankwana da abin da ya taso yana yi tun yana ɗan shekara shida.

Amma game da tambayar Baban Sadik, ni ina ganin dama ce, kuma lissafi ne ya nuna haka. Kowace ƙungiya tana riƙe 'yan wasa 26, a ciki har 13 na iya zama majefa. 'Yan bayan fili huɗu ne ko biyar. Ƙungiyoyi 30 ne. Ka ga kujerun majefa sun kusa 390, na 'yan bayan fili ba su wuce 150 ba. Kuma majefa su ne ke yawan jin rauni, kullum ana neman wanda zai cike gurbi. Yaron da ya kai shekara 23 yana matakin tsakiya bai iya karanta ƙwallo mai lanƙwasa ba, da wuya ya iya daga baya. Amma hannu, na'ura ce ke auna shi. In ta nuna mil 96, ba mai gardama.

Damagaram_Greensboro:
Malam ya faɗi gaskiya amma rabi. Ni ma ina zuwa kallon Grasshoppers a nan garinmu, ƙungiyar rainon Pittsburgh ce. Shekarun da na yi ina zuwa, na ga yara da yawa da aka ce an mayar majefa, shekara na zagayowa ka nemi sunansu ka rasa. Wanda ya tsira kaɗai muke jin labarinsa. Ƙungiya ba ta asarar komai in ta gwada: ta riga ta biya kuɗin sa hannu, yaron na nan, in hannun ya yi kyau riba, in bai yi ba dama sallamarsa za a yi. Shi kuwa yaron shekara biyu ko uku ya ƙara zubawa na ƙuruciyarsa, waɗanda da ya koma makaranta da ya gama digiri.

Ummi_Toronto:
Tunda an ambaci Gose bari in sa baki, don a gabanmu ya fara. Philadelphia ce ta ɗauke shi a 2008 daga sakandare a Kalifoniya, aka yi musayarsa har ya faɗo Toronto a 2010. A ƙananan rukunai ya taɓa satar tasha, wato rugawa tasha ta gaba ba tare da an yi bugu ba, sau 70 a kaka ɗaya, kowa na cewa ga magajin tsakiyar fili ya zo. Ya shigo babban lig a 2012 bai cika 22 ba. Gudu akwai, hannu akwai, amma yawan kuskuren bugu ya hana shi zama. Ƙarshen 2014 aka ba Detroit shi aka karɓo Devon Travis. A 2016 aka saukar da shi ƙasa, a 2017 ya fara jifa a Lakeland, can matakin yara 'yan shekara 21, shi kuwa yana 26.

Abin da nake so ku duba shi ne tsawon hanyar. Daga 2017 sai Satumbar 2021 ya sake taka filin babban lig, yana da shekara 31. Tsakanin nan ya ratsa ta Texas, Houston ta ɗauke shi ta mayar, sannan Cleveland. Matsalarsa duk shekarun nan ita ce saiti: ƙarfi ya kai mil 100 amma ƙwallo ba ta bin inda ya nufa, yana ta ba masu bugu hanya kyauta zuwa tasha ta farko. Ya samu lambar azurfa da tawagar Amurka a gasar Olamfik ta Tokiyo, ya dawo aka kira shi. Shekara guda bayan nan gwiwar hannu ta tsinke, aka yi masa aiki. To wannan nasara ce ko wahala? Ni dai duk lokacin da na tuna shi sai in ji ina girmama shi, amma ba zan ce wa ɗan wani ga hanya mai sauƙi ba.

Baban_Sadik:
Hajiya Ummi, na gode. Ban san ya sha wannan zagayen ba. Mu dai mun gan shi yana ɓarin wuta muna tafi.

Kurket_Kano:
Ni ɗan kurket ne, ban san besbol sosai ba, amma abin da ban gane ba shi ne: wanda ke iya jefo ƙwallo daga mita 90 ta faɗo daidai hannun mai cafewa, me zai ba shi wahala a mita 18?

Tsohon_Koci_Bronx:
Tambaya mai kyau, ɗan'uwa, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Na yi shekaru ina horar da yara a unguwa, na ga wannan da idona.

Ɗan bayan fili in zai yi jifa, da gudu yake zuwa. Ya tari ƙwallo, ya yi ɗan tsalle, ya tattaro duk nauyin jikinsa ya saki. A 2016 na'ura ta auna jifan Aaron Hicks na Yankees daga bayan fili a mil 105.5, kusan daidai da mafi saurin jifan da aka taɓa aunawa daga tudu, na Aroldis Chapman, mil 105.8. Amma ka ɗora Hicks a tudu ba zai ba ka wannan ba, don a can babu gudu. Ƙafarka ɗaya na manne da farar roba, daga tsaye za ka samo ƙarfin, daga cinya da ƙugu, kana gangarowa daga tudun da tsayinsa inci 10 ne.

Sannan ɗan bayan fili a wasa guda jifa mai ƙarfi biyu ko uku zai yi, wata rana ko ɗaya babu. In ya kauce da taku guda ba laifi, mai cafewa zai matsa. Majefi kuwa farantin da yake nufa, wanda ke ƙasa a gaban mai sanda, faɗinsa inci 17 ne, kuma ba tsakiya ake so ba, gefe-gefe ake so. Zai yi haka sau 20 a jere in mai karɓa ne, wato wanda ake shigo da shi daga baya, sau 90 in mai fara wasa ne, kowane da motsi iri ɗaya sak, don in kafaɗarsa ta buɗe da wuri ko da kaɗan ne, mai sanda ya gane abin da ke zuwa.

Kuma ƙarfi kaɗai ba ya ci. A matakin sama, in ƙwallo miƙaƙƙiya kawai gare ka, ko mil 100 ce za su jira ta su kai ta bayan katanga. Dole ka koyi ta biyu, mai zamewa gefe ko mai faɗuwa, ko mai kama da sauri amma a hankali take. Yaran da suka taso a tudu sun yi shekara goma suna wasa da ɗinkin ƙwallo a yatsunsu. Ga riƙe mai gudu kada ya saci tasha, ga dokokin motsi da in ka karya a ba abokan hamayya tasha kyauta. Duk wannan sabon shiga zai koya a shekara biyu, ana kallonsa, ana rubutawa.

Kurket_Kano:
Yanzu na fahimta. Mu ma a kurket mai tsaron iyaka daban, mai jifa daban, ko da hannunsu ɗaya ne a ƙarfi.

Ummi_Toronto:
Amma Koci, kada mu sa mutane su ɗauka ba a taɓa yi ba. Mafi girman majefin da Toronto ta raina a shekarun 1980, Dave Stieb, ɗan bayan fili ne a jami'ar Southern Illinois. An ɗauke shi a 1978, a 1979 har ya shigo babban lig yana jifa. Sau bakwai ana zaɓensa cikin taurari, kuma a 1990 ya yi wasa cikakke ba wanda ya samu bugu mai kyau a kansa, a garin Cleveland ma kuwa. Kuma shi ba mai karɓa ba ne na zagaye ɗaya cikin zagaye tara na wasa, mai farawa ne.

Malam_Lissafi:
Ƙara da Bob Lemon. Ranar buɗe kakar 1946 shi ne a tsakiyar bayan fili na Cleveland, a shekarar ya koma tudu, ya gama da nasara 207, yana zauren girmamawa na Cooperstown. Sai Rafael Soriano, wanda shi ne ya fi dacewa da tambayar Baban Sadik: Seattle ta ɗauko shi daga Jamhuriyar Dominika yana yaro a matsayin ɗan bayan fili, kaka biyu sanda ta ƙi, a 1999 aka ɗora shi a tudu, a 2002 ya iso sama, a 2010 ya rufe wasa 45 wa Tampa Bay, wato ya shigo ƙarshe ya kare musu nasara, ba wanda ya kai shi a ɓangarensu na babban lig. Alexi Ogando ma haka, ɗan bayan fili ne a hannun Oakland, Texas ta ɗauke shi ta mai da shi majefi, a 2011 ya shiga cikin taurari.

Damagaram_Greensboro:
Malam, ka ƙirgo huɗu daga 1946 zuwa yau. Abin da nake faɗa ke nan.

Malam_Lissafi:
Ba su kaɗai ba ne, na tsaya kan 'yan bayan fili ne kawai. In an buɗe ƙofa: Trevor Hoffman mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku ne kafin Cincinnati ta sauya shi, ya rufe wasa 601. Kenley Jansen ɗan Curaçao mai cafewa ne, a 2009 ma shi ya tsuguna wa tawagar Holan a gasar duniya, a shekarar Dodgers suka ɗora shi a tudu, a Yulin 2010 yana babban lig, wasannin da ya rufe sun haura 400. Jason Motte mai cafewa ne, shi ya yi jifan ƙarshe da St. Louis ta ci kofin 2011. Sean Doolittle rauni ne ya raba shi da sanda, bai cika shekara da komawa tudu ba ya shigo Oakland a 2012.

Na yarda waɗanda suka faɗi sun fi yawa. Amma a ƙananan rukunai waɗanda suka faɗi sun fi yawa ta kowace hanya. Abin tambaya shi ne, yaron da ake shirin sallama gobe, wanne ya fi masa: ƙofar da aka rufe ko wadda aka bari a ɗan buɗe?

Maman_Iman:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ni ba lissafin nake ji ba, yaron nake ji. Ɗan bayan fili kullum yana fili, wasa shida a mako, rigarsa na datti. Mai karɓar jifa kuwa yana can gefe a zaune, wata rana kwana uku ba a kira shi ba, in an kira shi minti goma ne, in ya ɓata a minti goman nan da shi zai kwana har wani kiran. Ɗan ƙanwata ya yi wasa a kwaleji, da aka mai da shi haka cewa ya yi ji yake kamar an cire shi daga wasan an ba shi kujerar kallo. Bai ƙarasa shekarar ba ya bari. Ba hannunsa ne ya gaza ba, ransa ne bai karɓa ba.

DanZongo614:
Maman Iman, wannan magana ce babba. Ku lura, wasu daga cikin waɗanda aka ambata sun taɓa jifa suna yara. Gose majefi ne mai ƙarfi a sakandare, Doolittle ya yi duka biyun a jami'ar Virginia. Komawa gida suka yi, ba baƙunta ba.

Auwalu_Gunners:
To me zai hana yaro ya haɗa biyun? Ba ga ɗan Japan ɗin nan ba, Ohtani, da aka ce an ba shi dala miliyan 700?

Tsohon_Koci_Bronx:
Auwalu, Ohtani ɗaya ne a duniya, kafin shi sai ka koma zamanin Babe Ruth, shekara ɗari baya. Shi ma sau biyu ana buɗe masa gwiwar hannu, 2018 da 2023. Kuma shi ana barinsa ya haɗa ne don ya fi kowa a duka biyun. Yaron da muke magana a kai ɗayan ne ya ƙi shi.

Akwai ma wanda ya yi tafiyar a juye. Rick Ankiel majefi ne da ake ji da shi a St. Louis, a wasan neman kofi na 2000 ya yi jifa biyar da suka kuɓuce wa mai cafewa a zagaye ɗaya, daga nan saiti ya gudu bai dawo ba. Ya sauka ƙasa ya koyi sanda, a 2007 ya dawo a ɗan bayan fili, a 2008 ya fitar da ƙwallo 25 bayan katanga. Amma wannan hanyar ta fi wuya nesa ba kusa ba. Jifa ana iya koya wa babba in yana da hannu, ido kuwa ba a saya.

Baban_Sadik:
To jama'a, ga dalilina. Sadik ɗana ne, shekararsa 16, yana tsaron dama a bayan fili a makarantarsu. Bahago ne. Yana ƙarami kakarsa ta sha ɗaure masa hannun hagu da ɗankwali lokacin cin abinci har ya saba ci da dama, yana rubutu da dama, amma in ya ɗauki dutse ko ƙwallo hagun nan ce ke fita. Makon jiya kocinsu ya kira ni gefe bayan atisaye, ya ce ya sa shi ya yi jifa goma sha biyar daga tudu, na'ura ta nuna mil 84 ba tare da an taɓa koya masa komai ba. Ya ce in ana maganar tallafin karatu a kwaleji, ta tudu zai samu, ba ta sanda ba.

Da muka shiga mota ban ce masa komai ba, shi ma bai ce ba. Yana rungume da jakar sandunansa a cinya har gida, alhali kullum a but yake jefa ta. Da daddare na ji shi a gareji yana ta bugun ƙwallo a raga har ƙarfe goma sha ɗaya. Shi ya sa na tambaya. Ban san ko in ƙarfafa masa gwiwa ya karɓa ba, ko in tsaya masa a kan abin da yake so.

Maman_Iman:
Allah sarki. Allah Ya yi masa albarka, Ya zaɓa masa mafi alheri.

Likitan_Gashi:
Alhaji, aikina gashin ƙashi da motsa gaɓɓai ne, bari in yi magana ta wannan fuskar kawai. A cikin gwiwar hannu ta ɓangaren jiki akwai wata 'yar jijiya da ke riƙe ƙashi biyu. Duk jifa mai ƙarfi ita ke ɗaukar nauyin, kuma ba ta ƙaruwa da sauri kamar tsoka. In ta tsinke sai aikin da ake kira Tommy John, sunan majefin da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974: a ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a dasa. Jinya shekara guda zuwa shekara da rabi.

Mutane na cewa wanda ya taso a bayan fili hannunsa sabo ne, bai sha aiki ba. Akwai gaskiya a ciki. Amma sabon hannu bai saba da nauyin ba, kuma haɗarin ya fi yawa a lokacin da aka ɗora masa aiki farat ɗaya. In Sadik zai gwada, akwai ƙa'idar da hukumar babban lig da hukumar besbol ta Amurka suka fitar, Pitch Smart. Ɗan shekara 15 zuwa 16 kada ya wuce jifa 95 a rana, in ya kai 76 sai ya huta kwana huɗu. A shekara ya samu aƙalla wata huɗu ba ya jifan gasa. Wannan iyaka ce ta wanda ya saba, sabon shiga ƙasa da haka sosai zai fara. Ka riƙe littafi da kanka kana ƙirgawa, musamman in yana buga wa ƙungiya biyu, don kowane koci nasa kawai yake ƙirgawa. Kuma ranar da ya yi jifa da yawa kada a mayar da shi bayan fili washegari a ce ai hutu ne. In ya ce gwiwar na masa zafi ta ciki, ko yatsunsa biyu na ƙarshe na sanyi, a tsaya a ga likita, ba a jira.

Baban_Sadik:
Likita, na kwafe wannan duka. Allah Ya saka.

DanZongo614:
Alhaji, ashe maƙwabta ne mu. Bahago mai mil 84 a shekara 16 ba abin wasa ba ne. Kamar a dambe ne, kowa ya saba da na dama, in bahago ya shigo sai lissafi ya rikice. Masu sanda na hagu musamman ba sa son ganinsa, don ƙwallon kamar daga bayan kafaɗarsu take fitowa. Shi ya sa ƙungiyoyi suka yi ta haƙuri da Gose shekara huɗu. Da na dama ne ban jin za a jira shi haka.

Damagaram_Greensboro:
Yanzu da na ji ɗan 16 ne, maganata ta sauya kaɗan. Abin da nake ƙi shi ne a jira yaro ya kai 24, an gama da shi, sannan a ce gwada tudu. A 16 ba abin da aka rufe. A sakandare ai yara da yawa na haɗa biyun, ya yi jifa ranar Talata, sauran ranaku ya riƙe sandarsa. Kuma tunda maganar kwaleji ce, ni nan na fi ba ƙarfi. Ku tuna kafin 2023 yaro a matakin ƙasa dala 11,000 yake samu a shekara, sai da suka kafa ƙungiyar ƙwadago aka kai shi 26,000 da 'yan kai, matakin ƙarshe kuma 35,800. An rage ƙungiyoyin raino zuwa 120 a 2021, zaɓen sababbin 'yan wasa ya koma zagaye 20 daga 40. Ƙofar ta ƙara ƙunci. Digiri shi ne abin da hannun nan zai iya saya masa tabbas.

Tsohon_Koci_Bronx:
Na yarda da Damagaram, amma Alhaji kada ka je masa da maganar tallafin karatu tukuna. Yaron da ya kwana yana bugu a gareji, abin da ya ji a bakin koci shi ne "ba ka iya ba", ko da ba haka aka faɗa ba. Ka tambaye shi yadda ya ji a jifa goma sha biyar ɗin nan. Na ga yaran da suka hau tudu da fushi, ranar da suka fara sa babban mai bugu ya kaɗa iska sau uku ya koma benci, ba su sake waiwayar sanda ba. Na kuma ga waɗanda suka yi kyau a tudu amma kullum idonsu na kan ciyawa. Ba ka sanin wanne ne naka sai ya tsaya gaban mai sanda na gaske, ba raga ba.

Malam_Lissafi:
Kuma a nemi wanda ya san jifa ya koya masa motsi tun yanzu, kafin ya saba da na banza. Jansen da aka sauya shi, tsohon majefi Charlie Hough aka haɗa shi da shi.

Maman_Iman:
Ni dai ina nan kan bakata. A bar shi ya faɗa da bakinsa. Ɗan ƙanwata ba wanda ya tambaye shi.

Auwalu_Gunners:
Mu a nan har yau ana gardama kan Mikel, wasu na cewa Mourinho ya kashe masa wasa da ya ja shi baya, wasu na cewa shi ya sa ya yi shekara goma a Chelsea ya ɗau kofin zakarun Turai. Ashe ko'ina haka ne.

Baban_Sadik:
Na yi magana da shi bayan sallar isha'i. Na bi shawarar Koci, ban ambaci kwaleji ba. Ya ce jifan ya yi masa daɗi, abin da yake tsoro shi ne a cire shi daga layin bugu gaba ɗaya. Mun shirya ranar Litinin mu je wurin kocin tare, mu roƙi a bar shi a bayan fili wannan kakar, a riƙa ba shi zagaye ɗaya ko biyu a tudu a mako. Likita, in an yarda, jifa nawa kake ganin ya dace ya fara da shi a makon farko, kuma kwana nawa tsakani?

Likitan_Gashi:
Kafin tudu ma, ya yi mako uku zuwa huɗu yana jifa a shimfiɗaɗɗen ƙasa yana ƙara nisa a hankali, tare da motsa kafaɗa da robar ja. Bayan nan 15 zuwa 20 daga tudu, miƙaƙƙiya kawai, sau biyu a mako, kwana biyu ko uku tsakani. Amma a fara kai shi a duba kafaɗar da gwiwar, ni daga nan ban ga hannun ba.

Ummi_Toronto:
Baban Sadik, ka dawo ka ba mu labarin Litinin ɗin don Allah.